Motar da Na Auna da Ƙyalle

Ranar da Inna ta ce ta daina zuwa asibiti, ina tsugune ne ina sa mata takalmi a ƙafar da ba ta ji. Ta sa hannunta mai lafiya ta ture nawa, ta ce, "Cire. Na gama zuwa." Na ɗauka mitar da ta saba ce, na ci gaba da kokawa da takalmin. Sai ta sake faɗa, a hankali wannan karon. Duk wanda ya tashi a hannun Inna ya san idan ta rage murya, to magana ta ƙare.

Wata biyar ke nan da hawan jini ya kayar da ita a bakin murhu, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Matar da ta shekara talatin tana yi wa amaren Fagge alkaki da nakiya, wadda ko tukunya ba ta yarda wani ya sauke mata, ta koma sai an kwantar sai an tayar. Likitoci suka ce mu riƙa kai ta gashin ƙashi duk Litinin da Alhamis. Kuma ana ganin haske, don har ta fara tsayawa tsakanin ƙarafuna biyu tana jan ƙafar, taku uku, taku huɗu. Matar da ke yi mata gashin ta gaya mini ƙiri-ƙiri cewa idan aka bari ta daɗe a kwance ƙafar za ta ƙage, in kuwa ta ƙage shi ke nan, Inna ba za ta sake takawa ba.

Zuwa asibitin shi ne aiki. Gidanmu a Kwaciri yana can ƙuryar wani lungu mai kwana ɗaya, ga kwata ta ratsa tsakiyarsa. Masu adaidaita sahu da safe sauri suke yi, ba wanda zai yarda ya kutsa ciki, ko ka ƙara masa kuɗi. Don haka goya ta nake yi. Ni ƙato mai 'ya'ya huɗu in goyo uwata, maiɗakina na biye da mu da jaka da matashin kai, mu wuce majalisar dattawan lungu, mu wuce mai shayi, mu wuce masu jiran injin markaɗe, har bakin titi. Ni ban taɓa jin nauyin abin ba, ko a bayana ko a zuciyata. Ashe ita kowane taku ciwo yake yi mata.

Abin da ya ƙarasa ta ya faru ne a zuwanmu na ƙarshe. Muna tsakiyar lungu ɗankwalinta ya zame ya faɗi, furfurarta ta fito a gaban maza. Wata mata da Inna ta taɓa yi wa kayan gara ta tsinto shi ta miƙo, ta riƙe haɓa ta ce, "Allah sarki Hajiya, haka kika koma?" Na san ba da mugunta ta faɗa ba. Amma da namiji ne, wallahi da na sauke Inna na shaƙe shi.

Na ajiye takalmin na ce, "Inna, likita fa ta ce in kika daina..."

"Likitar ake goyawa ko ni?"

Na ce, "To in mota ta zo har ƙofar gida, daga zaure sai cikinta, ba mai ganinki, za ki je?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Wace motar? Wadda ubanka ya bar maka?"

Babanmu ko keke bai bari ba, ta sani na sani. Na ce, "Ni dai ki amsa mini, za ki je?"

Ta juyar da fuska ta ce, "Kawo motar tukuna."

Ita ta faɗa ne don ta rufe mini baki. Ni kuwa na karɓe shi a matsayin alkawari, kuma taurin kan nan a wurinta na gada.

Tebur gare ni a kasuwar Kwari, a gefen ƙofar shagon wani, ina sayar da yadi da shadda mai sauƙin kuɗi. Abin da na mallaka mai daraja bai wuce babur ɗina ba. A satin na sayar da shi, na haɗa da kwasar adashi da ta faɗo kaina. Maiɗakina ta ciro 'yan kunnenta na gwal ta ajiye a gabana, na ce ta kwashe kayanta, ta ce, "Ai ba kai na ba ba, Inna na ba." Na rantse wa kaina ba zan taɓa jarin tebur ba, don da shi ake cin abinci. Abin da ya taru, in ka faɗa wa mai sayar da mota sai ya tambaye ka ko tayoyi kake nema.

Kafin in fara yawon neman mota na yi abin da na ɗauka babbar dabara ce. Bayan sallar asuba na ɗauko tef ɗin awon da nake aiki da shi, na bi lungunmu ina aunawa, daga bango zuwa bango, har wuri biyar. Inda ya fi matsewa, tsakanin katangar islamiyya da turken wutar lantarki, yadi biyu ne ba yatsa uku. Da na je kasuwa na samu ragowar wata shadda ruwan toka, na yanki ƙyalle siriri daidai wannan tsawon, na naɗe na jefa a aljihu. Na ce duk motar da ƙyallen nan bai rufe faɗinta ba, ba tawa ba ce, ko da kyauta za a ba ni.

Daga nan kullum da la'asar sai in rufe tebur in shiga gari a ƙasa, tunda babur ya tafi. Idona ya koma kan rufin motoci, ina neman wadda aka ɗora wa galan, alamar ta sayarwa ce. Motocin Kwatano ko kusa ban je ba, na hannu nake nema, na hannun ma waɗanda suka sha hannu. A nan na san dillalan mota. Na ɗauka mu 'yan Kwari mun iya baki, ashe yara ne mu. Duk motar da ka taɓa, labarinta ɗaya: ta wata Hajiya ce, ba ta fita da ita sai biki, ko ta wani likita ce da zai bar ƙasa jibi, kai dai zuba mai ka kama hanyar Legas. Na ga motar da kujerar direbanta ta lotsa har ƙasa, aka ce mini Hajiyar ce mai jiki.

Ni kuwa ba na cewa uffan sai na ciro ƙyallena. In naɗe madubai, in dafe baki ɗaya a wannan gefe, in ja zuwa wancan. Wani dillali mai jar hula da ke zama ƙarƙashin wata darbejiya ya kira abokansa su zo su ga ikon Allah.

"Alhaji, riga za ka ɗinka mata ne?"

Na ce, "Likkafani ne. Na ga alamar ta kusa."

Suka kwashe da dariya, har shi. Kuma shi ɗin ne ya kusa cinye ni. Bayan kwana biyu ya nuna mini wata 'yar ja, fenti na sheƙi, ƙyallena ya rufe ta har da saura. Ya murɗa mukulli sau ɗaya ta tashi, injin na kaɗawa lafiya lau. Zuciyata ta kwanta da ita nan take. Har na sa hannu a aljihu zan ba da kafin alƙalami, sai na tuna da Oga.

Oga mai sayar da kayan gyaran mota ne a Sabon Gari. Iyayensa daga kudu maso gabas suka zo, amma shi a nan aka yanke masa cibiya, kuma in yana Hausa ka rufe ido sai ka rantse ɗan cikin Badala ne. Matarsa ce ke sayen yadin anko na matan cocinsu a teburina, ta nan muka saba. Na kira shi, ya zo da rigar aikinsa duk baƙin mai. Bai ko gaisa da kyau ba ya ɗora tafin hannu a kan murfin injin. Ya zaro sandar duba mai ya murza a yatsa, man ya yi kauri kamar maɗi. Ya ja ni gefe.

"Malam, an ɗumama ta kafin ka zo, an kuma ɗura mata mai mai kauri don ya rufe mata asiri. Mota kamar mutum ce, in kana son sanin halinta, same ta da sassafe ba ta wanke fuska ba. Gobe ƙarfe bakwai mu dawo, kada ka gaya masa."

Washegari muka dira. Mai jar hula ya gan mu ya fara kame-kame, wai mukullin na wurin wani. Na ce za mu jira. Da aka kawo, sai da ya murɗa sau shida kafin ta yarda, sannan ta saki wani hayaƙi shuɗi da ya tashi mai ƙosai daga wurinta tana tari tana Allah-ya-isa. Dillalin ya dube ni ko kunya babu ya ce, "Sanyin safiya ne." Ban san lokacin da na cakumi wuyan rigarsa ba. Oga ne ya ɓamɓare ni, yana cewa, "Kuɗinka na aljihunka, me kuma kake nema?"

Haka sati huɗu suka wuce. Maiɗakina na miƙe wa Inna ƙafar a gida safe da yamma kamar yadda aka nuna mata, amma ba ɗaya ba ne. Wata safiya na shiga gaishe ta na ga yatsun ƙafar sun fara lanƙwashewa ciki, diddigen ya ɗaga. Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko ranar da ta faɗi. Na sake roƙonta ta bari in goya ta ko sau ɗaya, da duku-duku kafin mutane su fito. Ta ce, "Ina motar?" Ranar a kasuwa wani ya taya shadda tayin wulaƙanci na zazzage masa kwandon masifa, har maƙwabtana suka ce in tafi gida in huta. Ban tafi gida ba. Na bi titin da ban bi ba jiya.

Oga ne ya samo ta. Ya kira ni ya ce akwai wata dattijuwa a cocinsu, tsohuwar shugabar makarantar firamare, za ta koma garinsu a kudancin Kaduna wurin 'yarta, tana son rabuwa da motarta. Ya ce, "Ba ta da kyau fa, kada ka ce ban gaya maka ba." Na ce araha ba ta ado, mu je.

Mun same ta da safe a wani tsohon gidan haya, tana zaune a baranda da tabarau a kan hanci. Motar na fake a gindin mangwaro, ganye ya rufe gilashinta. Launinta ya koɗe har ba ka iya cewa kore ce ko shuɗiya, ƙofa ɗaya kuma fara ce fat, ta wata motar. Na'urar sanyi ta mutu tun tuni. Amma cikinta tsaf, ko ɓawon gyaɗa babu. Oga ya taɓa murfin injin, sanyi ƙalau. Ya murɗa mukulli, ta yi tari ɗaya ta tashi. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta, ya daɗe yana ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe, ya fito ya lissafa mini aibunta ɗaya bayan ɗaya: birkin baya, salansa ta huje, tayoyin gaba sun suɗe. Sannan ya rage murya ya ce, "Amma injin nan ba a taɓa buɗe shi ba. In ka bar ta, ni zan saya."

Na ciro ƙyallena. Ya rufe ta, har da rarar tafin hannu guda.

Dattijuwar ta sauke tabarau ta ce, "Ɗana, shekara talatin da biyar ina koyarwa, ban taɓa ganin mai auna mota da tsumma ba. Na mene ne?"

Oga ya buɗe baki zai ba ta labarin Inna, na take masa ƙafa. Na riga na yanke tun farko cewa ba zan yi ciniki da ciwon uwata ba. Matar da ta gwammace ƙafarta ta ƙage da a ce mata Allah sarki a hanya, ba ni zan ɗauki Allah sarkin in kai kasuwa a rage mini kuɗi da shi ba. Na ce, "Mama, wurin ajiyewar ne ƙarami."

Ta faɗi kuɗinta. Na taya, ta ce albarka, irin albarkar da ko a Kwari ban ji mai kaifinta ba. Na ƙara, ta ce albarka. Na kawo mata zancen birki da salansa, ta ce ta san da su, shi ya sa ba ta faɗi ninkin haka ba. Har rana ta take muna abu ɗaya. Daga ƙarshe na faɗa mata gaskiyar abin da ke hannuna, na ce ko sisi babu a bayansa, kuma ba zan ci bashi ba. Ta kalle ni ta saman tabarau kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Sai ta ce batirin da ke ciki sabo ne, surukinta ya saya, za ta cire ta mayar masa, haka safaya taya. In na yarda da haka, to. Oga ya ce yana da tsohon batir a shago da zai yi wata shida. Na ce na yarda.

Ta ce, "Na sallama. Allah ya tsare hanya. Kuma ba a taka mata totur kamar mahaukaci, ba ta saba ba."

Da aka gama takardu na ware ɗan abin da zan iya na miƙa wa Oga la'adarsa. Ya ture hannuna. "Riƙe abinka. Kayan gyara dai a wurina za ka saya, kuma wallahi za ka saya da yawa."

Tuƙi na iya tun ina yi wa wani maigidana dakon kaya zuwa kasuwar Singa, don haka ni na jawo ta da kaina. Daga Sabon Gari zuwa Kwaciri ba nisa, amma ranar ji na yi kamar gwamna. Salansa na ɓaɓatu, ni ina murmushi. Na iso bakin lungu na naɗe madubai, na saita tayoyi kwata ta shiga tsakaninsu, na kutsa a hankali. Na wuce mai shayi. Na zo tsakanin katangar islamiyya da turken wuta, na ɗauke numfashi, ta wuce sumul ko gogar bango ba ta yi ba. Na ce a raina, yau Inna za ta san ta haifi ɗa.

Sai na iso kwanar.

A daidai kwanar nan, ta ciki, akwai dakalin Malam. Malam tsohon tela ne, aminin babanmu, kuma a dakalinsa dattawan lungu ke zama tun daga hantsi. Na karya sitiyari, hancin motar ya doshi bangon da ke gaba, gefenta ya doshi dakali. Na dawo baya, na sake gwadawa. Kafin ka ce kwabo duk lungu ya zama direbobi. "Yanke duka!" "A'a, dawo baya tukuna!" "Saki, saki!" Na yi gaba na yi baya ya fi sau goma, gumi ya jiƙa ni sharkaf. A na ƙarshe na ji ƙiiii, farar ƙofar nan ta gogi kusurwar dakali, siminti ya zana mata layi. Na kashe mota na zauna riƙe da sitiyari.

A nan na gane wautata. Ni mai yadi ne. Duk abin da na taɓa aunawa a rayuwata yana lanƙwasa, in faɗinsa ya shiga wuri to tsawonsa zai bi. Na auna faɗin lungu har wuri biyar, ban taɓa tunanin tsawon mota a kan kwana ba, don babur ɗina shekara da shekaru yana shan kwanar nan ban ko lura da ita ba. Ga ƙofar gidanmu can ina hango ta, ga mota ta ƙi zuwa. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Na fito raina a ɓace, na duba da kyau. Dakalin ne kaɗai matsalar. In aka fasa rabinsa, mota za ta sha kwana. Ban tsaya shawara da kowa ba, bayan magariba na sami Malam na tsuguna na gaishe shi, na faɗa masa buƙatata, na ce zan gina masa wani a ɗaya gefen ƙofar. Na shirya wa gardama, na tanadi amsoshi. Malam ya shafa simintin da hannu. Sannan ya ce, "In don Hajiya ne, kawo guduma gobe. Ba sai ka gina wani ba."

Na shiga gida da murnata, ashe labari ya riga ni. Inna na jingine da bango, ta sa an zaunar da ita.

"Dakalin Malam za ka fasa?"

"Ya yarda, Inna."

"Ai dole ya yarda, yana da kunya. Kai ne ba ka da ita. A kan dakalin nan aka ɗaura aurenka. A kansa aka yi zaman makokin ubanka kwana bakwai, Malam bai tashi ba sai sallah. Tsofaffin nan ina za su zauna? A ce an tashe su saboda ni?"

Na ce, cikin ɗaga murya, Allah ya yafe mini, "To ya kike so in yi? Na sayar da babur, an sayar da 'yan kunne, na yi wata ina yawo a ƙasa kamar mahaukaci! Goyo kin ƙi, dakali kin hana. Ƙafar nan fa ƙagewa take yi, Inna!"

Ta dubi ƙafar, ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ce, "Daga zaure zuwa inda motar ta tsaya, nawa ne?"

Wannan kam ba sai na ɗauko tef ba. Na ce, "Yadi goma sha biyu. Turmi biyu na atamfa."

"Turmi biyu," ta maimaita, kamar mai taya kaya. Ta juya wurin maiɗakina. "Ke, gobe in kin gama abin kari ki zo ki kama ni. Kai kuma ka nemo mini sanda mai ƙwari, ka je ka ba Malam haƙuri."

Na koma na gaya wa Malam an fasa. Ya tambayi dalili na faɗa masa duka, har da abin da ya hana ta fita tun farko. Sai kawai ya tambaye ni wace rana za mu fita, kuma ƙarfe nawa.

Kwana biyar suka yi suna fama a tsakar gida, daga ƙofar ɗaki zuwa bakin rijiya, su huta, su dawo. Ranar farko taku biyu ta yi ta zube a jikin maiɗakina. Ina jin su daga zaure, Inna na faɗa, wai an riƙe ta kamar buhun gero. Ni kuma na kai mota wurin Oga aka gyara birki, salansa na ce ta jira wani watan.

Ranar Litinin ƙarfe takwas na kawo mota na tsayar a kwana, na buɗe ƙofar gaba na tura kujerar baya iyakarta. Lokacin dattawa sun saba hallara, amma dakalin ba kowa, sai sabuwar tabarma da aka shimfiɗa a kai. Na waiga na hango su su biyar a tsaye can jikin katangar islamiyya, duk sun ba lungu baya, sun fuskanci bango, suna ta musu da ƙarfi a kan tsadar man fetur. Malam na tsakiya. Har mai shayi ya juya bencinsa.

Inna ta fito daga zaure, sanda a hannun dama, maiɗakina ta tallafe ta ta hagu. Na taho zan kama ta, ta ce, "Koma wurin motarka." Na koma na tsaya. Takan kafa sandar, ta jefa ƙafa mai lafiya, sannan ta tsaya ta tattara ƙarfinta duka ta jawo ɗayar, takalmin na jan ƙasa. Sau biyu gwiwar ta lanƙwashe na ce shi ke nan, ta cije leɓe ta miƙe. Gumi na ɗiga daga haɓarta. Dattawan nan sun ƙure zancen fetur sun koma kan taki, ba wanda ya waiwayo. Ban san minti nawa aka yi ba, na dai san ban taɓa ganin wuri mai nisan yadi goma sha biyun nan ba.

Da ta iso kwana ƙarfinta ya ƙare, saura taku biyu ta kai mota. Maiɗakina ta juya da ita a hankali ta zaunar da ita a kan tabarmar. Tun da aka gina dakalin nan ban taɓa ganin mace a kansa ba. Ta zauna tana haki, ta dubi motar tun daga hanci har wutsiya, ta dubi farar ƙofar da zanen siminti, ta girgiza kai. Sannan ta ɗaga ido ta ga bayan tsofaffin nan a jere a jikin bango. Ta daɗe tana kallonsu.

Sai ta ɗaga murya, irin muryarta ta da, wadda ake ji daga zaure har bakin titi.

"Malam! Ku juyo haka nan, kada ƙafafunku su gaji. Ina kwananku?"

Suka juyo ɗaya bayan ɗaya. Malam ya tako har gabanta. Ya ce, "Hajiya, barka da fitowa."

Ta ce, "Barka kadai. A yi mana addu'a, asibiti za mu."

Ni dai ina tsaye riƙe da ƙofar mota ina kuka a gaban duk lungu, kuka sosai, na kasa tsayar da shi. Inna ta miƙo mini sandarta ta ce in karɓa in share fuskata, ita ba za ta shiga motar direban da ba ya ganin hanya ba, kuma mun kusa makara.